Batir na cewa 40, inbata na cewa ya cika

Tambaya: Ina da shagon ƙanƙara a Sabon Gari, nan Damagaram. Inbata na wani kamfani ne, batirin litiyom na wani daban. Mai haɗa mini sola ya jona su da waya, ta zauna daram. Amma inbata na nuna batir ya cika, shi kuma batirin, ta manhajarsa a salula, na cewa saura kashi 40. Wa ke ƙarya?

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara kasuwa. Ka gaskata batir, don a cikinsa akwai ɗan allon da ke ƙirga abin da ya shiga da abin da ya fita. Inbata, in bai gane maganar batir ba, sai ya yi kirdado da ƙarfin wuta, shi kuwa litiyom ƙarfinsa ba ya sauka sosai sai ya kusa ƙarewa.

Me ya hana su fahimtar juna? Ka tuna baƙon da ya shigo Kasuwar Dole aka ce masa "ashirin", ya miƙo faran 20, alhali mai kaya dala yake nufi, faran 100. Haka na'urorin nan suke. Wannan na aiko lamba da wat, wancan na jiran kilowat. Wani in ya sa alamar ragi caji yake nufi, wani kuma zuƙa.

Maganin da masana suka fito da shi suna kiransa ontoloji, wato ƙamus ɗaya da ke fayyace mece ce na'ura, me take aunawa, da wane ma'auni. Akwai SAREF, wanda cibiyar TNO ta Holan ta tsara, hukumar ETSI ta Turai ta mai da shi ƙa'ida a 2015, daga baya aka ƙara masa reshen makamashi, SAREF4ENER. Da shi firiza zai iya sanin rana ta take, ya ja wuta a lokacin, ya sassauta da dare. Abin na sosa mini rai, don mu da rana ke dukanmu mun fi kowa buƙatarsa, amma yawancin kayan da ke iso mana kowa da yarensa.

Ka kira mai haɗin ya duba wace hanyar aika bayani ta waya na'urorin biyu ke bi, ko CAN ce ko RS485, ya gwada jerin siraran wayoyin da littafin kowanne, sannan ya zaɓi yaren batirinka a saitin inbata. In babu shi a jerin, ya sa iyakar caji da hannu yadda takardar batir ta ce.