Tambaya da Amsa: «s» ɗin da ke liƙe da aikatau na Turanci

Wata ɗaliba daga Unguwar Rogo a Jos, mai shirin jarrabawar WAEC, ta yi tambaya: «Malam, me ya sa ake cewa they cook amma a ce she cooks? Ba «s» alamar jam'i ba ce? Kuma ta yaya zan mai da karin maganar nan ta mai haƙuri zuwa Turanci?»

'Yata, tushen ruɗanin shi ne a Hausa aikatau ba ya damuwa da wanda ya yi aikin. Nakan dafa, kakan dafa, kikan dafa, yakan dafa, sukan dafa: «dafa» tana nan daram, wakilin suna ne ke ɗauke da nauyin mutum da na lokaci. Yawancin aikatau na Turanci ma kusan haka suke, sai a wuri ɗaya tak. I cook, you cook, we cook, they cook, amma he cooks, she cooks, it cooks. Wato in mai aikin ɗaya ne, kuma ba mai magana ba ne, ba wanda ake wa magana ba, sai aikatau ya karɓi «s» a lokacin da ake kira simple present, na abin da aka saba yi. A kan suna ne «s» ke nuna jam'i. A kan aikatau tilo take nunawa, shi ya sa ake cewa the traders sell amma the trader sells.

Rubutun yana da ƙa'ida uku. Yawanci «s» kawai ake ƙarawa. In kalmar ta ƙare da s, sh, ch, x ko z, sai a sa «es»: washes, teaches, fixes. In ta ƙare da baƙi sannan «y», a cire «y» a sa «ies»: carry ta koma carries. In wasali ne kafin «y», ba a taɓa ta: plays. Furucin ma ya bambanta, ki kasa kunne: a cooks «s» ake ji, a plays «z», a washes kuwa gaɓa guda ce ta ƙaru.

Inda na fi ganin ɗalibai na faɗuwa shi ne korewa da tambaya. Nan does ce ke kwashe «s» ɗin, aikatau ya koma tsurarsa. Ɗauki «hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka». Jinka ita ce rufin ɗakin ciyawa, wanda ake haɗawa a ƙasa sannan a taru a ɗaga shi a ɗora. A Turanci: one hand does not lift a roof. Wanda ya rubuta does not lifts ya biya kuɗin mota sau biyu.

Sai a kula da «yana», don tana da fuska biyu. «Yana sayar da dankali a Farin Gada», in sana'arsa ce, he sells potatoes. In yanzu ga shi can yana awo a gaban buhu, he is selling potatoes. «Yakan» kuwa, wadda masana nahawu ke kira lokaci sabau, ita ce ta fi dacewa da sells. Kuma «ina da» I have ce, «na sani» I know ce, kada ki liƙa musu «ing».

Karin maganarki kuwa, «mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa», romo shi ne ruwan da nama ya dahu a ciki, kuma ana nufin mai jimiri yana samun abin da ake ganin ba zai yiwu ba. Bahaushe ya ce «yakan» sau ɗaya, sai «ya sha» ta bi bayanta. Bature ba ya yarda da wannan, kowane aikatau sai ya ɗauki tasa «s»: the patient man cooks a stone and drinks its broth. In masu haƙurin da yawa ne, dukansu biyu su ajiye ta: patient people cook a stone and drink its broth.