Koulibaly ɗan Faransa ne ko ɗan Senegal?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ni daga Zango nake rubutowa, nan Damagaram. Gardama ce ta ƙi ƙarewa a fadarmu, wani abokina ya rantse wai Kalidou Koulibaly ya taɓa buga wa Faransa, ni kuma na ce ƙarya ne tunda da idona na gan shi da kambin kapitan na Senegal. Kuma wai bai ci kofin Italiya da Napoli ba? Mun sa sukari da ganyen shayi na sati guda, don Allah a raba mu.

Amsa: Wa alaikumus salam. To ɗan uwa sai dai ka yi haƙuri ka nufi shago, abokinka bai yi ƙarya ba, amma kai ma idonka bai yaudare ka ba.

A Faransa aka haife shi, garin Saint-Dié, shekarar 1991, iyayensa 'yan Senegal ne. A kulob ɗin Metz ya fara ƙwallon ƙwararru, kuma ya sa rigar Faransa a kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 20 da aka yi a Kolombiya a 2011. To wasan yara ba ya ɗaure mutum a dokar FIFA, shi ya sa da Aliou Cissé, kocin Senegal a lokacin, ya neme shi a 2015 ya amsa ya koma ƙasar iyayensa. Abin dariya ma a 2016 kocin Faransa Deschamps ya fito a tele yana cewa yana bin yaron da ido, alhali tuni mutum ya riga ya buga wa Senegal, kai ranar an sha dariya.

Ni abin da ke burge ni shi ne kuɗin da zaɓin nan ya ci masa. 2018 Faransa ta ɗauki kofin duniya, shi kuwa Senegal ɗinsa aka fitar da su a zagayen farko ba don an fi su maki ba, yawan katin gargaɗi ne kawai ya sa Japan ta wuce. 2019 suka kai wasan ƙarshe na CAN, wato kofin Afirka, yana zaune a waje an dakatar da shi, Aljeriya ta ci 1-0. Sai Fabrairun 2022 a Yawunde Allah ya nufa, aka tafi fenariti da Masar, shi ya fara bugawa ya ci, shi kuma ya ɗaga kofin, na farko a tarihin Senegal. A kofin duniya na Katar a 2022 ma ƙwallonsa ce ta kori Ekwado, ɗan baya fa.

Batun Napoli kuma ya danganta da wane kofi. Daga Genk ta Beljiyam ya je can a 2014, shekara 8 cur, ya ci Coppa Italia a 2020. Amma lig bai samu ba. Wanda ya kalli wasan Juventus na Afrilun 2018 ba zai manta kan da ya sa a minti na 90 ba, kowa ya ce shi ke nan kofi ya zo, ina, Juve ta sake ɗauka. Ya tafi Chelsea a 2022, kakar da ya tafi ɗin nan Napoli ta ci lig. Chelsea ɗin bai yi daɗi ba gaskiya, shekara guda ya wuce Al-Hilal ta Saudiyya.

Sukarin dai kai za ka saya, ganyen ku raba.