Na iya ɗinki, ta yaya zan zama mai ƙirƙirar samfurin kaya?

Ƙanwata, kin ce kin iya keke amma kullum samfurin kaya ake kawo miki a waya ki kwafa, kina son naki ya fito. To ki fara da yanka, nan ne mafi yawa ke faɗuwa, in awo bai zauna ba ko shadda Getzner ce rigar ba za ta yi kyau ba. Ki samu tsohon tela ki zauna gunshi ko wata shida ne, wannan ba a koyonshi a TikTok.

Sannan ki duba abin gida. Alphadi, mai ƙirƙirar samfurin kaya ɗan Nijar da ya kafa FIMA (bikin nuna kayan sawa na Afirka) a 1998 cikin hamadar Tigidit kusa da Agadas, da aikin fata da azurfar Buzaye ya shiga duniya, kuma masu wannan aiki suna nan cibiyar masu sana'ar hannu ta Wadata a Yamai, ki je ki gani.

Kar ki yi gwaji da yadi mai tsada, atamfa mai araha ta isa. Kuɗin aikinki kuma ki lissafa har da zare da wuta, kar kunya ta sa ki karya farashi don ƴan uwa, su ne ba sa biya wallahi. Kayan Sallah kar ki amsa fiye da ƙarfinki.

Maganar takardun buɗe shago da lanho, ki je Maison de l'Entreprise, ofishin da ke taimaka wa masu buɗe sana'a, su yi miki bayani.