Ina aikin DJ a bukukuwan Tawa: kuɗina halal ne?

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, ni saurayi ne a Tawa. Kawuna ya ranta mini kuɗi na sayi kayan sono: lasifikoki, makirufo, janareto da kwamfuta. Ana hayar kayan wajen wa'azi da walimar sauka, amma na fi samu a gidajen biki, inda nake zaɓen waƙoƙi ina haɗa su har dare ya raba. Wani ya ce mini ba laifi, tunda ba ganga nake bugawa ba, kwamfuta ce ke fitar da sautin. Da kuɗin nake riƙe mahaifiyata. Mene ne hukuncina?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, Allah ya yi maka albarka da riƙon mahaifiya. Wanda zuciyarsa ta mutu ba ya irin wannan tambayar.

Kayanka ba su da laifi. Hayarsu ga wa'azi, walimar sauka, ɗaurin aure ko taron makaranta halal ce, babu saɓani. Inda hukuncin ya sauya shi ne faɗarka cewa kai ne ke zaɓen waƙoƙin kana haɗa su. A wannan daren kai ba mai ba da haya ba ne, kai ne makaɗin.

Addini bai ce a yi biki kamar zaman makoki ba. Bandiri a wajen aure halal ne, Shehu Halilu a Mukhtasar, littafinsa na fiƙihun mazhabar Imam Malik, ya halatta shi ko da namiji ne ya buga, ya kawo saɓani a kan manyan ganguna, kuma a babin ijara, wato haya, ya sa hayar bandiri da kayan kiɗa don biki cikin makaruhai. To, idan hayar bandiri Imam Malik bai so ta ba, ina ga abin da kake yi?

Maganar kwamfuta kuwa, na sha jin ta a bakin samari, kuma ba ta da tushe. Malaman da suka hana kayan kiɗa ba itace da fata suka hana ba. Itace mai tsarki ne, fatar akuya ma haka. Abin da suka duba shi ne sautin da abin da yake yi wa zuciya da gaɓɓai. Sautin da ke cikin kwamfutarka daga ina ya zo? Ko dai an naɗo shi daga ganga da jita da fiyano na gaskiya, ko an ƙera shi don ya kwaikwaye su, har ya fi su kaifi. Giya ba ta zama halal don da dawa aka yi ta ba da inabi ba. Sannan ka tambayi kanka abin da ake biyanka a kai. Ba danna maɓalli ba ne, ai yaro ma zai iya. Ana biyanka ne don ka san lokacin da fili ya yi sanyi ka jefa kiɗan Abijan ko na Legas, ka san waƙar soyayyar da za ta tayar da ƙawayen amarya, ka kira sunan wane a makirufo ya fito ya yi liƙi. Aikin makaɗa goma ne a hannun mutum ɗaya.

Za a ce maka Ibn Hazm ya halatta kiɗa, Imam Gazali ma ya sassauta. Gaskiya ne, ban ɓoye maka ba, ko da yake Ibn Salah da Ibn Hajar sun yi raddi ga sukar da Ibn Hazm ya yi wa hadisin Bukhari da ake kafa hujja da shi wajen hana kayan kiɗa. Amma ko Ibn Hazm da Gazali ba su halatta batsa a waƙa ba, ba su halatta maza da mata su cakuɗe suna rawa ba. Don haka darenka, in akwai waɗannan a cikinsa, bai tsira ba ko a wajen masu sauƙi, kuma ladan da aka karɓa a kansa bai halatta ba.

Kada ka yi gaggawar sayar da kayan da asara, bashin kawunka yana wuyanka. Abin da ka riga ka ci kana zaton halal ne, ka tuba, ba a ce ka biya shi ba, mahaifiyarka kuma babu komai a kanta. Idan akwai bikin da ka karɓi kafin alƙalami, ka mayar wa mutane kuɗinsu tun da wuri su nemi mafita, kada ka bari sai ranar ka kunyata su. In taron mata ne zalla da bandiri da waƙa mai tsabta, ka kafa musu kayan ka fita, wata daga cikinsu ta kula.

Akwai abin da ba ka tambaya ba. Wanda ya naɗe wayoyi ƙarfe uku na dare, yaya asubarsa? Kuma a bayan katangar gidan bikin akwai tsoho marar lafiya da mai jego da suka kwana ido biyu saboda lasifikarka. Wannan haƙƙin mutane ne, kuma ko wa'azi aka ɗauke ka, ka rage ƙara idan dare ya yi.

Samu zai ragu da farko, ba zan ruɗe ka ba. Ka je ka zauna da kawunka ka gaya masa, ka roƙe shi ya sassauta maka lokacin biya. Ka zagaya masallatai da makarantun Islamiyya tun kafin azumi, lokacin da masu tafsiri ke neman wanda ya iya gyara sauti. Allah ya buɗa maka ta hanyar halal. Wallahu a'alam.