Tafiyar zamiya a duwatsun Norwe: wandon jins biyu ba zai cece ka ba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Oslo, wannan ne sanyina na biyu a nan, kuma na ɗan koyi zamiya a kan ƙanƙara a dajin Nordmarka. Abokan karatuna sun shirya tafiyar kwana uku zuwa Finse a hutun Ista, za mu sauka a masaukin DNT, ƙungiyar masu yawon duwatsu ta Norwe, sun kuma ce sai na ci abincin gargajiyarsu. Hankalina bai kwanta ba, don ranar da na yi awa huɗu a waje yatsun ƙafata sun mutu har na daina jin su. Wani ɗan'uwa ya ce in sa wandon jins biyu da safa uku, in shafe jiki da man zafi, idan yatsa ya sandare kuma in goge shi da ƙanƙara. Haka ne? Sannan me zan iya ci a can?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Fargabarka tana kan hanya. Finse tasha ce a layin jirgin ƙasa na Oslo zuwa Bergen, mita 1,222 sama da teku, mota ba ta zuwa, kuma can babu itatuwa irin na Nordmarka da za su kare ka daga iska. Ga mai ƙwarewa irin taka, ku zauna a masauki ɗaya, Finsehytta, kuna fita da safe kuna dawowa, kilomita 10 zuwa 15 a kan hanyar da aka kafa wa rassan itace a matsayin alama. Kada ku ɗauko tsallakawa daga masauki zuwa masauki. Ka karɓi hayar katakan zamiya na dutse masu faɗi da ƙarfe a gefe, waɗanda suke kira fjellski. Siraran da ka saba da su na hanyar da inji ya share ne.

Shawarar da aka ba ka kuwa, ka yar da ita gaba ɗaya. Ana ta yaɗa ta a tsakanin mutanenmu da ke ƙasashen sanyi, kuma masu faɗinta yawanci iyakar sanyin da suka sani shi ne daga ƙofar gida zuwa tashar bas. Dabarar hunturu ce: a jibga riguna a zauna kusa da wuta. A gida tana aiki domin a zaune kake, iskar kuma busasshiya ce. Mai zamiya da jaka a baya yana hawan tudu, gumi yake yi ko da sanyi ya kai digiri 10 ƙasa da sifili. Auduga tana shan gumin nan ta riƙe, ba ta bushewa. Ruwa kuma yana janye ɗumin jiki kusan ninki 25 fiye da iska. Muddin kana tafiya ba za ka ji komai ba. Kana tsayawa cin abinci, cikin 'yan mintuna rigar ta zama jiƙaƙƙen tsumma mai sanyi manne da bayanka, jins ɗin kuma ya ƙage. A ƙara da iska: digiri 10 ƙasa da sifili, da iska mai gudun mita 10 a daƙiƙa, fata tana jin sa kamar 20 ƙasa da sifili. Daga nan sai karkarwa. Idan zafin cikin jiki ya sauka ƙasa da digiri 35, magana ta fara sarƙewa, hannu ya kasa jan zif, mutum ya riƙa cewa a bar shi ya ɗan huta. Wanda karkarwarsa ta tsaya alhali bai ji ɗumi ba, ya shiga haɗari sosai.

Abin da za ka sa hawa uku ne. A jikin fata, riga da dogon wando na ulu, har da ɗan kamfai in da hali. A tsakiya, suwaita ta ulu ko fulis, wato yadin roba mai laushi da ɗumi. A waje, jaket da wando marasa kauri masu tare iska, jaket ɗin da hula a jikinsa. Babban jaket mai kauri a jaka yake zama, sai an tsaya a ɗora shi nan take, a cire kafin a tashi. Ka bar masauki kana ɗan jin sanyi. Wanda ya fito yana jin ɗumi tun daga ƙofa, ya yi wa kansa yawa. Ka riƙe busasshiyar rigar ulu a cikin leda don canji.

Safa uku kashe yatsu take yi, kuma wataƙila yawan safa ko takalmi matsattse ne ya kashe maka su tun farko. Jini ne yake kai ɗumi ƙafa, kai kuma ka matse masa hanya. Siririyar safa ɗaya da mai kauri ɗaya, duka na ulu, a takalmin da yatsu ke motsi a ciki. Safar hannu mai haɗe yatsu wuri ɗaya ta fi mai rabe-rabe ɗumi.

Man zafi ba ya ƙara wa jiki ɗumi ko kaɗan. Fata kawai yake yaudara, ya ɓoye maka gargaɗin da kake buƙatar ji. Goge sandararren yatsa da ƙanƙara kuwa ɓarna ce tsagwaronta: naman wurin ya riga ya daskare, murzawa yayyaga shi take yi. Haka kara shi a wuta ko murhu, don wurin da ba ya ji zai ƙone ba ka sani ba. Idan kunci, hanci ko yatsa ya dusashe ya daina ji, ka ɗora tafin hannu mai ɗumi a kai, ko ka cusa yatsu a hammata, ƙafa kuma a cikin rigar abokin tafiya, har ji ya dawo. A baƙar fata alamar ba ta fitowa fili kamar a farar fata, sai dai wurin ya yi toka-toka, don haka ka gaya wa abokanka abin da za su duba. Idan wurin ya yi tauri kamar itace, aikin asibiti ne, a kira 113, lambar motar asibiti ta gaggawa.

Kowace safiya ku duba yr.no don yanayi da varsom.no don haɗarin zaftarewar ƙanƙara, ku kuma nisanci gangaren da karkatarsa ta haura digiri 30 da ƙarƙashinsa. A jaka: taswira, kamfas, shebur, buhun fakewa daga iska, tocilan na goshi da tabarau, don hasken ƙanƙara a Ista yana ƙona ido. A Istar 1967 mutum 18 suka mutu a duwatsun ƙasar, abin da ya sa 'yan ƙasar suka ɗauki dokokin kiyaye kai a dutse da gaske, kuma ɗaya daga cikinsu ta ce babu kunya a juyawa da wuri.

Abinci ba zai ba ka wahala ba idan ka sanar da masaukin tun lokacin kama ɗaki. Miyar kifi da kifin salmon ba su da matsala. Ka gwada brunost, cuku mai ruwan ƙasa da ɗan zaƙi, a kan wainar da suke kira vafler. Rømmegrøt kamar kunu ne mai kauri na kirim mai tsami da fulawa, ana zuba masa man shanu, sukari da kirfa, amma busasshen naman da ake kawowa tare da shi sau da yawa akwai na alade. Finnbiff, farfesun naman barewarsu, wasu da bacon suke soya shi, ƙwallon naman kjøttkaker ma akan gauraya. Naman rago na pinnekjøtt da fenalår ba alade ba ne, sai dai ba yankan Musulmi ba ne in ba an rubuta ba. A jikin gwangwani ka nemi kalmomin svin, skinke, bacon da gelatin. Leverpostei da ke teburin karin kumallo galibi hantar alade ce.

Abincin rana kai za ka haɗa da safe: yanka burodi huɗu zuwa shida da cuku ko kifin makrell i tomat, lemun zaƙi, cakulan Kvikk Lunsj, dabino daga shagunan unguwar Grønland, da filas na lita ɗaya cike da shayi mai sukari. Ka ci wani abu kowace awa ko ba ka jin yunwa. Burodin da wayarka a aljihun ciki za ka sa su, don a jaka burodi daskarewa yake yi, batir kuma ya mutu.