Ɗauko Babban Kare Daga Gidan Kula da Dabbobi

Tambaya: Likita, ina son ɗauko babban kare daga gidan kula da dabbobin da aka yasar. Me zan fara dubawa?

Amsa: Fara neman katin rigakafin haukan kare. In babu, a yi masa allurar nan take, a riƙa maimaitawa duk shekara. Duba cikin kunnuwa da tsakanin yatsunsa, nan kaska ke maƙalewa. Maganin tsutsar ciki kuma duk wata 3.

Kada ka sauya masa abinci rana ɗaya, zawo zai yi. Gauraya sabon da tsohon, kana ƙara sabon har kwana 7.

Makonni 2 na farko kada a sake shi waje, don bai san gidan ba, gudu zai yi. Yara kuma su nisance shi idan yana ci.