Bashin miji, keken mata

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Maigidana yana karɓar shinkafa bashi a hannun wani Alhaji a kasuwa, har naira 380,000 ta taru a kansa. Ranar Asabar, ba ya gida, Alhajin ya turo yara biyu da a-kori-kura, suka kwashe keken ɗinkina da firiza, wai sai an biya. Keken da kuɗin adashina na saya, firizar kuma cikin kayan ɗakina take. Yanzu yana cewa in muka ɗaga murya zai sa 'yan sanda su kama maigidan. Ina mafita?
Wata baiwar Allah, Rigasa, Kaduna

Amsa: Wa alaikumus salam. Malama, Alhaji yana da gaskiya a kan kuɗinsa, amma ba shi da ita a kan kayanki. Ko kayan na mijinki ne, doka ba ta yarda mai bin bashi ya shiga gida ya ɗebi abin da ya ga dama ba. Sai ya kai ƙara, alƙali ya yanke hukunci, sannan kotu ta ba da takardar kama kaya, ma'aikatanta su zo da ita a hannu. Ko su ma ba za su yi gwanjon kayan ba sai an yi aƙalla kwana 5, in ba kaya ne masu lalacewa ba. Dokar ta ma hana a taɓa suturar mutum da shimfiɗarsa da kayan sana'arsa, sai dai ta tsaya a darajar naira 10, kuɗin da yau ko allurar keke ba zai saya ba.

Balle kuma kayan naki ne. Dukiyar mace daban, ta miji daban, a shari'ar Musulunci da dokar ƙasa duka. Matuƙar ba ki tsaya masa ba, ba ki kuma ba da kayan jingina ba, bashin bai hau kanki ba.

Ki nemo rasit ɗin keken. In ya ɓata, uwar adashi da wanda ya sayar miki sun isa shaida. Firiza kuwa 'yan jere sun san da ita. Ki riƙe sunayen maƙwabtan da suka ga ana lodi. Lauya ya rubuta wa Alhaji takarda ya dawo da kayan cikin wa'adi. In ya ƙi, ki shigar da ƙara da sunanki, a kotun shari'ar Musulunci ko ta majistare, ki nemi kayanki da diyyar ɗinkin da kika rasa. In babu kuɗin lauya, hukumar Legal Aid Council, mai ba marasa hali lauya kyauta, tana da ofis a nan Kaduna.

Batun 'yan sanda barazana ce. Sashe na 32 na dokar 'yan sanda ta 2020 ya hana kama mutum saboda bashi ko saɓa yarjejeniya kawai. Na san ana yi, amma ba a kan doka ake yi ba.

Shi kuma maigida ya daina ɓuya. Ya samu shugabannin layinsu a kasuwa, a zauna da Alhaji a rubuta abin da zai riƙa biya duk wata. In an kira ki zaman, kada ki sa hannu ko dangwale a kowace takarda sai lauyanki ya karanta.